Talotalon da Ya Kamu da Son Mijina

Ranar da muka haska ƙwan farko, Kaka Orpha ce ta riƙe tocila. Muka sauka ɗakin ajiyar dankali da ke ƙarƙashin gida mu uku, muka ja ƙofa don duhu ya kama, alhali a waje rana ce tsaka. Arlis, mijina kuma jikanta, yana miƙa mata ƙwai ɗaya bayan ɗaya daga kwando, ita kuwa tana manna kowanne a bakin tocilar tana juya shi a hankali. Ƙwan da ke da rai a ciki jijiyoyi ake gani, jajaye sirara kamar saiwar ciyawa. Namu kuwa fes suke, haske na ratsa su ya fita ta ɗaya gefen. Haka aka yi ta yi har kwandon ya ƙare.

Kaka ta kashe tocila. A cikin duhun ta ce, "Matan sun yi aikinsu. Alƙali ne bai yi nasa ba."

Na lalubo hannun Arlis na riƙe. Ya yi sanyi ƙalau.

Alƙali shi ne namijin talotalo guda ɗaya tal da ya rage mana. Jajayen talotalon gidanmu, gidan Caudill, sun fi kowa da ke raye a kwarinmu daɗewa. Mahaifiyar Kaka ce ta zo da su a keji ranar da aka kawo ta gidan miji, kuma tun daga lokacin ba a taɓa haɗa su da wani jini ba. Jajaye ne kamar sabuwar tukunya, fikafikai da wutsiya farare tas. Suna tashi sama, suna kwana a kan reshe, suna yini a makiyaya suna bin fara da tsutsa. Ba irin fararen nan na kamfani ba ne da ƙirji ya yi musu nauyi har ba sa iya ko hawa matansu. Namu su suke haifar da kansu, kuma duk Nuwamba mutane na tukin mota daga nesa don su sayi guda su yanka a Bikin Godiya na shekara-shekara.

A Janairu dusar ƙanƙara ta danne ragar lantarkin da ke kewaye da makiyaya, wuta ta daina bi. Karnukan daji suka shiga. Da gari ya waye jan gashi ne warwatse a kan farar ƙasa har bakin rafi. Manyan mazan biyu sun tafi, da mata da dama. Mata shida ne suka tsira a kan reshen wata bishiya, sai wata tsohuwa da muka tsinta a ƙarƙashin tarakta da ƙafa a tauye, wadda tun ranar muke ce mata Gurguwa. Alƙali kuwa ko ƙwarzane bai samu ba, don shi ba ya kwana da 'yan'uwansa. A barandar gida yake kwana, jikin takalman robar Arlis.

Nan ne bakin zaren. Bara, shi ne ƙwan da ya ƙyanƙyashe a makare, bayan uwar ta riga ta tashi da sauran 'ya'yanta. Arlis ya tsince shi a sheƙa, jiƙe, yana numfashi da ƙyar. Ya buɗe maɓallin rigarsa ya saka shi jikin fata, ya yini da shi a kan tarakta. Shi ya koya masa shan ruwa, yana tsoma masa baki a faranti, ya koya masa ci yana ƙwanƙwasa katako da farce. A lokacin ba mu daɗe da aure ba. Na tsaya a ƙofar kicin ina kallon wannan ƙaton mutum mai gemu, wanda ko gaisuwa sai ya yi ta sosa ƙeya kafin ta fito, yana yi wa ƙirjinsa raɗa, sai na ji son shi ya cika ni. Ba ni kaɗai na kamu ba ashe. Abin da ɗan tsakon nan ya fara gani a duniya gemun Arlis ne da koren takalminsa, kuma ya yanke wa kansa hukunci cewa haka talotalo yake.

Da ya girma sai ya zama abin dariyar gida. Arlis na fitowa, Alƙali zai baza wutsiya kamar mafici, ya saki fikafikai suna jan ƙasa, kansa ya rine daga ja zuwa shuɗi, ya riƙa zagaye takalman nan yana wani gurnani daga ƙirji kamar ganga a can nesa. Takunsa na ƙasaita ne ya sa Kaka ta raɗa masa suna. Muka yi ta dariya shekara guda. Ranar da muka fito daga ɗakin dankali da kwandon ƙwai marasa rai, dariyar ta ƙare. Matan ba sa wuce watan Yuni suna saka ƙwai, yawancinsu kuma sun manyanta. In wannan lokacin ya wuce haka nan, jajayen gidan Caudill sun tafi ke nan.

Kawu Thurman, ƙanin mahaifin Arlis da ke tsallaken rafi, ya zo da yamma ya zauna cin burodin masara da wake, ya kuma zo da shawara. A ganinsa abin ba wuya. A sa Alƙali a tukunya, a yi odar wani jan namiji daga masu ƙyanƙyasa, a huta. Kaka ta ce ja dai ja ne, amma ba nasu ba ne, kuma ita ba ta kai shekara tamanin da wani abu tana kiwon jinin uwarta don ta ƙare da tsuntsun da ya zo a kwali ba. Kawu ya ce to sai dai Arlis ya fara saka ƙwai, tunda shi ake so. Ya yi dariya har wake ya sarƙe shi. Arlis ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi jawur.

Da farko raba su muka gwada. Arlis ya daina leƙa makiyaya, ya ɓoye takalman a bayan mota, ni na karɓi ba da abinci. Alƙali ya ƙi ci. Ya tsaya a kusurwar raga yana fuskantar gida, yana ta kira tun safe har rana ta faɗi, matan na kewaya shi ko kallo ba su ishe shi ba. Ba a jima ba ya tsallake ragar, muka same shi tsaye kan rufin a-kori-kura yana leƙen gilashi. Ya rame, ƙashin ƙirjinsa ya fito. Arlis ya ce shi kam ba zai iya ba, gara ya koma.

Washegarin komawarsa ne na ga abin. Ina tsaye a bakin raga da bokitin masara, Arlis na tsugune yana gyaran mazubin ruwa, Alƙali na faman rawarsa a kusa da takalman. Sai ga Gurguwa ta taho da ɗingishinta, ta tsaya tana kallon rawar nan, ta sunkuya ta kwanta a gabansa ta saukar da wuya, kamar yadda mace ke yi in ta yarda. Alƙali ya kewaye ta kamar wani kututture, ya ci gaba da harkar gabansa. Ashe rawar tana aiki. Matan suna amsawa. Shi ne kawai bai san inda zai dosa ba.

Na gaya wa Arlis a kan hanyar komawa gida. Na ce masa ya zauna a kan bokiti, ya ware ƙafa, in mace ta kwanta ya jawo ta tsakanin takalmansa. Alƙali zai zo neman takalmi ya tarar da ita.

Ya tsaya cak. Ya dube ni, ya dubi titi. "Twila, a bakin hanya fa makiyayar nan take."

Gaskiya ya faɗa. Ɗaya makiyayar tamu tana can jikin kurmi, inda mazan talotalon daji ke yawo a wannan lokacin, kuma guda ɗaya in ya tsallako ya isa ya gurɓata jinin da muke neman ceta. Cikin rumfa kuwa waɗannan tsuntsaye ba sa sakin jiki, sai a fili, kan ciyawa. Ba mu da wani wuri sai gaban idon duk wanda zai wuce gari.

Kaka da ta ji, ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko keken ɗinkinta da wani tsohon tamfol, ta ɗinka wa matan 'yan rigunan nan da ake ɗaura musu a baya don kada farcen namiji ya yage su. Ta ce in dai za a yi biki, a yi shi da kayansa.

Safiyar farko raɓa ba ta ɗauke ba muka fita. Arlis ya kifa bokiti a tsakar makiyaya ya zauna, ya ja hularsa har gira. Alƙali ya taho a guje, ya baje. Aka ɗauki lokaci ba abin da ya faru, sai gurnani da jan fiffike. Can Gurguwa ta matso ta kwanta. Arlis ya sa hannu biyu a hankali ya jawo ta tsakanin ƙafafunsa. Alƙali ya zagayo, ya ɗora ƙafa a kan takalmin dama, ta zame, ta sauka a kan tamfol. Ya tsaya kamar wanda aka tasa daga barci. Ya ɗora ɗaya ƙafar. Ni ina bayan raga na toshe bakina da hannu biyu, ina addu'a irin wadda ban san ko ta halatta a yi a kan irin wannan lamari ba. Da komai ya lafa, Gurguwa ta miƙe ta girgije gashinta ta yi gaba, Alƙali kuwa ya juyo ya kalli Arlis, ya sake baza masa wutsiya, wai shi a dole ya burge.

A daidai lokacin ne aka danna ham a bakin titi. Kawu Thurman ne a a-kori-kurarsa, gwiwar hannu a taga.

"Barka da safiya, amarya," in ji shi. "An kwana lafiya a gidan Alƙali?"

Kafin azahar labari ya kai shagon abincin dabbobi. Kafin Lahadi ya kai coci. Mata bakwai ne, kowacce kuma sai an maimaita mata, don haka kullum safiya Arlis na kan bokiti. Motoci suka riƙa rage gudu a gaban gonarmu. Kawu ya mayar da wurin majalisa, yana zuwa da kofinsa a kwalba ya jingina da mota yana ba da umarni, wai amarya ta ɗan saki fuska. Wata safiya muka tarar an ɗaura farin mayafin amarya a akwatin wasiƙarmu na bakin titi. A coci wani dattijo ya riƙe hannun Arlis da fuskar tausayi ya tambaye shi ko angon na kyautata masa. Mutanen kwarinmu ba mugaye ba ne, amma in suka samu abin dariya sai sun tatse shi tas. Arlis kuwa mutum ne da ko a ranar aurenmu sai da ya roƙi a rage jama'a. Na ga yana raguwa a gabana. Ya daina zuwa gari, ya daina waƙar da yake yi in yana wanke hannu. Na sha ce masa a idona babu namijin da ya kai shi, kuma har zuciyata nake faɗa, amma ya kan yi murmushi ne kawai irin na wanda aka ba magani mai ɗaci.

Wata safiya ya ƙi fita. Ya zauna a teburin kicin da safa kawai a ƙafarsa, kofi na hucewa a gabansa. Daga makiyaya ana jin Alƙali na kira. Daga titi ana jin ƙarar injin Kawu. Na buɗe baki zan yi magana, Kaka ta ɗaga mini hannu daga kujerarta ta bakin murhu. Na zaci faɗa za ta yi masa, don bakinta ba ya raga wa kowa.

"In ka gaji ka bari, ɗan nan," ta ce. "Na ci rabona da su. Ba zan so a ce tsuntsu ya hana jikana ɗaga kai a garinsu ba."

Ta faɗa ne tana kallon taga, muryarta lafiya lau, sai dai hannunta na murza bakin zanen da ta rufe gwiwa da shi. Arlis ya daɗe yana kallon hannun nan. Ya miƙe, ya zura takalmansa. Daga nan ya yi abin da ban taɓa zato ba. Ya ciro farin mayafin da na cusa a bayan ƙofa, ya ɗaura shi a hularsa, ya fita. Na bi shi da gudu. Ya ratsa makiyaya mayafi na kaɗawa a bayansa, ya kifa bokitinsa, ya ɗaga wa Kawu hannu.

"Kawu, kullum kana zuwa kallo hannu rabbana," ya ce da ƙarfi. "Ina gudummawarka?"

Kawu ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Amma washegari ya zo da buhun masara ya jingine a bakin raga, ya ce ta ƙanin uba ce. Daga ranar tsokanar ta canza ɗanɗano. Masu rage gudu suka fara tambayar ko matan sun fara kwanci. Matar fasto ta aiko da kek.

A tsakiyar Mayu matan suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya cikin doguwar ciyawar da ke gefen rafi, kowacce ta yi sheƙarta ta kwanta a kan ƙwai. Na so mu ɗebo mu haska mu san matsayinmu. Kaka ta hana. Ta ce in an taɓa sheƙar macen talotalo tana iya yin fushi ta bar ta, kuma ko mun gani ko ba mu gani ba, babu sauran lokacin sake wani zubi. Sai jira. Kusan wata guda muka yi muna tafiya a hankali, muna magana ƙasa-ƙasa, kamar masu jinya. Na karanta littattafai da yawa a kan mutanen da ke jiran jirgi ko jiran masoyi, amma babu wanda ya gaya mini cewa jira yana da ɗanɗano a baki, kamar an tsotsi ƙarfe.

Safiyar da abin ya faru, wajen tsakiyar Yuni ne, hazo bai gama tashi daga rafi ba. Arlis ya tsallaka raga da bokitin masara, ni ina biye da ruwa. Alƙali na can gefen doguwar ciyawa. Ya ɗago ya gan shi. Bai baza wutsiya ba. Ya miƙe wuya, ya matse gashinsa jikinsa, kansa ya yi ja kamar garwashi, ya taho da wani irin gudu da ban taɓa gani ba. Arlis har ya fara ce masa sannu abokina. Alƙali ya yi tsalle ya dake shi da fikafikai biyu a ƙirji, ya kafta masa farce a ƙauri. Bokiti ya yi sama, masara ta watse, mijina ya faɗi warwas a kan ciyawa. Tsuntsun ya tsaya a kansa ya saki wata cara da ta amsa har tsallaken kwari.

Na yar da ruwan na ruga. Kafin in isa, Arlis ya ɗaga mini hannu alamar in tsaya, idonsa na kan wani abu a bayan Alƙali. Ciyawa ce ke motsi. Gurguwa ta fito da ɗingishinta, ta rame, gashinta a yamutse, tana wani kira siriri. A bayanta, a ƙarƙashinta, tsakanin ƙafafunta, ƙananan abubuwa ne masu launin zuma suna tuntuɓe da juna suna tsiyu-tsiyu. Na fara ƙirgawa, hawaye ya hana ni. Can gaba wata macen ta ɗago kai daga ciyawa, ita ma ƙirjinta na motsi.

Arlis na zaune a ƙasa, wandonsa a yage, jini na gangarawa cikin takalmi, yana dariya kafaɗunsa na rawa, gemunsa jiƙe.

"Twila," ya ce, "ya sake ni."

Kawu Thurman, da ya iso daidai lokacin faɗuwar, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Shi ya juya motarsa ya je ya ɗauko Kaka, ya kawo ta har bakin raga, muka riƙe ta hagu da dama. Ta daɗe tana kallo. Leɓenta na motsi, ban ji abin da take cewa ba, ban kuma tambaya ba. Alƙali na kai da komo tsakaninmu da matansa, yana harararmu ɗaya bayan ɗaya, ya fi tsananta wa Arlis. Kaka ta ce namijin talotalo ba ruwansa da 'ya'ya, matansa yake karewa, kuma daga yau duk mai gemu abokin gabarsa ne. Ta faɗa da irin muryar da ake yabon yaron da ya ci jarrabawa.

Ta share ido da bayan hannu, ta dubi ciyawar, fuskarta ta koma ta kullum. Raɓar nan za ta kashe su, in ji ta, 'yan tsakin talotalo ba sa jure jiƙa. A yanke musu hanya daga sheƙa zuwa fili tun rana ba ta ɗaga ba, a sa duwatsu a farantin ruwa kada su nutse. Ta dubi jikanta da ke zaune har yanzu.

"Kai kuma bazawari, tashi ka ɗauko lauje."

Ya tashi. Na so in ɗaure masa ƙafar tukuna, ya ce a bar ta, yana so ya je da ita coci haka. Ya nufi rumfa yana ɗingishi, yana waƙa da ƙarfi, Alƙali na biye da shi har bakin raga yana yi masa kashedi.